Gilashi Ba Ruwa Ba Ne: Raddi Ga Mai Cewa Tagogi Na Kwarara

Akwai wata maƙala da aka rubuta wa ɗaliban sakandare kan yanayi uku da abubuwa ke kasancewa a ciki, wato daskararre da mai ruwa-ruwa da kuma iska. Marubucin ya taho lafiya lau har ya iso kan gilashi, nan ya yi tuntuɓe. A cewarsa gilashi ruwa ne mai tsananin danƙo, yana gangarowa a hankali ba tare da ido ya gani ba. Hujjojinsa huɗu ne: tagogin tsofaffin majami'un Turai sun fi kauri daga ƙasa, ƙwayoyin gilashi ba su da tsari, kwalta ma tana ɗiga, kuma wai masana sun faɗa. Iyakar abin da ke cikin buhun ke nan. Bari mu zazzage shi.

Mu fara da tagogi, domin a kansu ya jingina dukkan nauyinsa. Gaskiya ne cewa a majami'u irin na Canterbury a Ingila da Chartres a Faransa akwai gilasan ƙarni na 12 da na 13 waɗanda kaurinsu bai daidaita ba. Abin da marubucin bai tsaya ya tambaya ba shi ne: yaya aka ƙera su? Maƙeran wancan zamani da baki suke hura narkakken gilashi ta cikin bututu. Wani lokaci sukan buɗe kan ƙwallon da suka hura, su yi ta jujjuya shi da sauri har ya baje ya zama faifai, tsakiyarsa da kauri, yana sirancewa zuwa baki. Wani lokaci kuma sukan hura shi dogo, su tsaga, su shimfiɗa. Ko ta wace hanya aka bi, ɓallin da aka yanko tun ranar haihuwarsa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Mai ɗaura taga kuwa yakan sa gefen mai nauyi a ƙasa don ya zauna daram. Gilashi mai kauri bai ɗaya irin na tagoginmu na yau sai a 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyar yin sa, ta shimfiɗa narkakken gilashi a kan narkakken kuza.

Masu gyaran waɗannan tagogi sun sha tarar da ɓallayen da kaurinsu ke sama, da waɗanda kaurinsu ke gefe. To, wane irin ruwa ne ke kwarara sama? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta rushe ginin, amma akwai ƙari. Da dalma ake haɗa ɓallayen tagogin nan, kuma dalma ta fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Da a ce shekara 800 sun isa gilashi ya gangaro, da tuni dalmar ta riga shi zubewa. Sannan ga kayan gilashin Rumawa, waɗanda suka girmi majami'un da ƙarnuka masu yawa. Kofin Lycurgus na ƙarni na 4 yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, sassaƙarsa na nan da kaifinta. Me ya hana shi lotsewa? Abin takaici ne a ce mai koyar da kimiyya ya ji labari a bakin masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido, ya kwaso shi ɗungurungum ya zuba wa yara a matsayin ilimi.

Kuma ba a bar maganar ga hasashe ba, an yi lissafinta. A 1998 Edgar Zanotto, masanin gilashi ɗan ƙasar Burazil, ya buga bincike a mujallar American Journal of Physics kan wannan tambaya ita kanta. Ya gano cewa a yanayin zafin ɗaki, lokacin da gilashi ke bukata kafin a ga alamar gangarowarsa ya ninka shekarun sararin samaniya baki ɗaya, wato kimanin shekara biliyan 13.8, ninkin ba ninkin. A 2017 John Mauro da abokan aikinsa suka haɗa gilashi irin na majami'ar Westminster suka auna danƙonsa. Sakamakonsu: a cikin shekara biliyan ɗaya ba zai gusa fiye da kimanin nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Marubucin bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko bai karanta ba, ko ya karanta ya kau da kai, kuma duk biyun ba uzuri ba ne.

Hujja ta biyu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take ruɗar mutane. Ƙwayoyin gishiri da na ƙanƙara a jere suke bisa tsari mai maimaita kansa, na gilashi kuwa a barbaje suke. Amma ba tsari ne ke raba daskararre da ruwa ba, motsi ne. A cikin ruwa ƙwayoyi na zamewa a jikin juna suna sauya maƙwabta, shi ya sa ruwa ke ɗaukar siffar mazubinsa. A cikin iska nesa da juna suke, suna gudu ta ko'ina har su cika duk wurin da suka samu. A cikin daskararre kowace ƙwaya tana karkarwa ne a inda take, ba ta barin gurbinta. Gishiri kamar masallata ne a sahu, gilashi kuwa kamar taron kasuwa ne da aka ce kowa ya ƙame a inda yake. Babu sahu, amma babu mai tafiya. Ƙwayoyin silikon da oksijin da ke cikin gilashi a ɗaure suke da juna ɗauri mai ƙarfi, kuma zafin ɗaki bai isa ya kwance su ba. Daskararre ne marar tsari, kuma wannan rukuni ne sananne a kimiyya.

Batun kwalta kuwa a kan marubucin yake komawa. Gwajin da Thomas Parnell ya fara a Jami'ar Queensland ta Ostireliya a 1927 ya ba da ɗigo tara, na taran a 2014. Kwalta ta ɗiga an gani an ƙirga. Ina ɗigon gilashi ko guda?

Saura "masana sun faɗa". Waɗanne masana, a wane littafi? Bai kawo suna ko ɗaya ba.

Ina kira ga marubucin ya janye wannan sakin layi ya gyara, ga malamai kuma su daina maimaita shi a aji. Ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa ya amsa ba tare da shakka ba: gilashi daskararren abu ne.