"Ai ya miƙe" ba shaidar lafiya ba ce

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu daina. Mutum zai bugu a ka a filin ƙwallo, ko ya faɗo daga kan okada, sai a watsa masa fiya wata, ya miƙe, a ce "ai namiji ne, a ci gaba." Wallahi ganganci ne.

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, girgiza take yi ta daki ƙashi. Ba sai an ga jini ba, kuma yawancin waɗanda abin ke samu ko suma ba sa yi. Ku tuna Kramer na Jamus a kofin duniya na 2014: ya bugu, ya ci gaba da wasa, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

Likitoci suna auna tsananin rauni da ma'aunin Gilasgo, wanda aka fito da shi a 1974. Buɗe ido suke dubawa, da magana, da motsi, su ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, nan girgizar ƙwaƙwalwa take. 9 zuwa 12 matsakaici ne, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani.

Amma fa "mai sauƙi" halin da mutum yake ciki ne lokacin da aka duba shi. Jini na iya taruwa a hankali cikin kai: yanzu yana hira, bayan 'yan awanni ya faɗi.

Don haka duk wanda ya bugu, ya gama wasa na ranar, a raka shi kilinik ɗin makaranta. Kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko. Farasitamol babu laifi, amma ban da asfirin. In ya yi ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, ko magana ta sarƙe, ko ya yi jijjiga, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, asibiti kawai, ko da ƙarfe biyu na dare ne.

A nan babu Inna, babu Baba. Abokin ɗaki shi ne zai fara lura. Kuɗin hoton kai a haɗa a guruf, ya fi a haɗa na kai gawa gida.

Allah Ya tsare mu.