Ƙara Daban, Ƙarfi Daban

Ya 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zuwa hutu yankin Kura da Bunkure bayan an ɗauke amfanin rani, ya san abin da za mu yi magana a kansa tun kafin mu buɗe baki. Da zarar an kwashe tumatir an kai Kwanar Gafan, an sussuke alkama, an sayar da albasa, kuɗi ya ɗan kwanta a aljihun samari, sai ka fara jin wata irin ƙara da la'asar a kan titin Kano zuwa Zariya, kai ka ce jirgin sama ne zai sauka. In ka waiwaya sai ka tarar ashe tsohuwar Golf ce ko BMW 'yar Kwatano, an yanke mata salansa, an kwantar da ita ƙasa, an liƙa mata fiffike a baya. Masu irin waɗannan motoci kuwa namu ne. Yayyenmu ne da ƙannenmu da abokan karatunmu, wasunsu ma a cikinmu suke, suna riƙe da wannan mujalla yanzu haka.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu yi wa kowa faɗa a kan sha'awar gudu ba. Wannan sha'awa ta girme mu duka, domin kakanninmu da suka yi sukuwa a kan dawaki sun san daɗinta tun kafin a kawo mota ƙasar nan. Abin da ya dame mu shi ne lissafi. Saurayi ya yi wata huɗu yana ban ruwa cikin sanyin hunturu, ya biya kuɗin taki, ya biya 'yan ƙwadago, ya yi ta fama da tsutsa, sa'an nan ɗan abin da ya rage masa ya ɗauka ya miƙa a gareji, ya dawo da motar da ta fi dā ƙara, ta fi dā shan mai, amma ba ta fi dā gudu ba, kuma ta fi dā wuyar tsayawa. Ra'ayinmu shi ne, mai ƙaramin aljihu ya fara da dawo wa motarsa ƙarfin da ta zo da shi, ya bi da abin da zai sa ta kama ƙasa ta kuma tsaya in an ce ta tsaya. Maganar ƙarin ƙarfi ita ce ta ƙarshe, in kuɗin ya kai can.

Mutumin Kadawa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin yana ganin misalinsa kullum a bakin gonarsa. An gama dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwansa da kansa yake gangarowa ta manyan magudanai har ya iso filayen Bunkure da Garun Malam da Kura, ba tare da injin ya tura shi ba. To, da shekaru suka tura, laka ta cike magudanan, kachala ta rufe su, ƙofofin raba ruwa suka lalace, manoman da ke can ƙarshen layi suka riƙa kwana suna jiran ruwa. Shin ruwan Tiga ne ya ƙare? Ko kusa. Hanyarsa ce ta toshe, shi ya sa da aka tashi gyara, yasar magudanai aka yi da sabunta ƙofofi, ba wanda ya ce a gina sabon dam. Haka injin motar da ta shekara ashirin tana yawo yake. Ƙarfin da kamfani ya rubuta mata ya zube a hanya: fulogi sun ci wuta sun gaji, filtar iska ta sha ƙurar hunturu, baƙin mai ya wuce lokacinsa, lagireto ya cika da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa. Gyara waɗannan shi ne ƙarin ƙarfi mafi araha a duniya, sai dai ba shi da ƙara, ba wanda zai waiwayo ya kalle ka saboda ka canza fulogi.

Akwai abubuwa uku da ake yi wa mota a garejin ƙasar nan da sunan taimakonta, alhali cutarta ake yi. Na farko, cire filtar iska ta ainihi a sa wata 'yar buɗaɗɗiya mai kama da mazurari, wai don injin ya shaƙi iska sosai. A ƙasar da ba ƙura wataƙila a yi mata uzuri. Amma a nan, inda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko ƙofa ka rufe sai ka share ɗaki, ƙurar da ta wuce filta cikin silinda take shiga, ta riƙa cin ƙarfe kamar yashi a tukunya. Ga shi kuma ana ɗaura ta a cikin bonet kusa da injin, inda iskar ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ta fi mai sanyi ƙarancin abin da wuta ke ci. Na biyu, cire tamostat, wannan ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In aka hana shi kai wa nan, ƙwaƙwalwar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur. Na uku, fasa tukunyar salansa a kwashe abin da bakanikai ke kira indomi, watau matatar hayaƙi. Sau da yawa mai ba ka shawarar a cire ta ya san abin da kai ba ka sani ba: akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam, kuma tana da kasuwa. Kai a bar ka da hayaƙi mai wari da fitilar gargaɗi a gabanka, shi ya tafi da kaya. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk abin da zai ƙara wa mota ƙishirwa ya cancanci a yi masa kallon ɓarawo.

Bari mu ɗan koma aji, tunda mu ɗalibai ne. Ƙarfin da mota ke bukata don ta keta iska yana hawa ne ninki uku a kan gudunta, watau in kana son ninka gudu sau biyu, sai ka nemo ƙarfi kusan sau takwas. Ma'anar wannan ita ce, in ka yi sa'a ƙwarai ka ƙara wa injinka kashi 10 cikin 100, abin da yanke salansa kaɗai ba zai taɓa ba ka ba, ƙarshen gudunka zai ƙaru da wajen kashi 3 ne kacal. Motar da ke kai kilomita 180 a awa za ta kai 186. Wannan shi ne abin da ake sayar da buhunan shinkafa a saya. Ta ɓangaren tsayawa kuwa lissafin ya fi ban tsoro, domin nisan da birki ke bukata yana hawa ninki biyu a kan gudu. Wanda ke kilomita 140 yana bukatar kusan ninkin filin da mai 100 ke bukata kafin ya tsaya, kuma a cikin daƙiƙa ɗaya da zai yi yana tunanin taka birki ya riga ya ci mita 39. Ku auna mita 39 a cikin garin Kura ranar kasuwa, ku ƙirga babur nawa, baro nawa, yara nawa masu talla ke cikinta.

Saboda haka muka ce taya. Duk ƙarfin injin, duk kaifin birki, duk juyin sitiyari, ta wuri huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Abin takaici, nan ne samarinmu suke yin rowa. Za ka ga mutum ya sayi rim mai walƙiya, faɗinsa ya fi na ainihi, sa'an nan ya naɗe shi da tsohuwar tayar da aka gama ci a Turai, wadda wataƙila ma don ƙanƙara aka yi ta, ya hau kwaltar da ke tafasa a watan Afrilu. Alhali kuwa taya ba ta ɓoye shekarunta. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta jure, T kilomita 190, H 210, V 240. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma zanen da mai sayarwa zai nuna maka da yatsa ba ya gaya maka ko ta bushe. Sababbin taya huɗu masu girman da kamfani ya tsara sun fi kowane rim, kuma mun tabbata duk wanda ya gwada zai ji bambancin a kwanar farko. Rim mai faɗi da siririyar taya kuwa ramin farko zai lanƙwasa shi.

Birki ma haka. Mutane da yawa ba su san man birki yana shan danshi ba. Sabon mai irin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155, in kuwa ya tafasa sai ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Canza shi duk shekara biyu bai kai kuɗin fiffiken roba ba. A haɗa da takalman birki na kirki da shakazoba masu rai, domin matacciyar shakazoba tana barin taya ta riƙa tsalle, tayar da ke sama kuwa ba ta da birki.

Game da kwantar da mota ƙasa, muna roƙon 'yan'uwa su tuna inda suke. An yi wannan dabara ne don filin tsere mai santsi kamar faranti. Wanda zai sauka daga kwalta ya bi gefen magudana zuwa gonar mahaifinsa, ko ya shiga ƙauyukan Bunkure da damina, in ya yanke sifirin to ya shirya sayen kaskon baƙin mai. Tarihi ma yana gefenmu. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a wannan shekarar a hannun Ove Andersson, samfurinta mai ƙofa biyu kuma ya sake ci a 1978. Akwai motocin da suka fi ta ƙarfi a fagen, amma ita ƙafafunta sun jure hanya har ƙarshe. Golf GTI ta farko kuma, wadda ta fito a 1976 ta yi suna a duniya, ƙarfin doki 110 ne gare ta, sirrinta rashin nauyi, kilo 810 kacal. To ina amfanin cika but da manyan lasifikoki da akwatunan katako, sa'an nan a ce ana neman gudu? Sauke su kyauta ne.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai saurayi ba don lissafi ya sayi motar gayu ba, don a gan shi ne, kuma man birki ba ya shiga hoto. Gaskiya ne, mu ma ba tsofaffi ba ne, mun san daɗin a waiwayo. Amma a tsakanin mahaya na ainihi, wanda ake yabo shi ne wanda ya sako doki a guje ya zo gaban sarki ya ja linzami dokin ya tsaya cak. Mai kayan ado da dokinsa ya zarce cikin 'yan kallo dariya ake yi masa, in an yi sa'a ba a yi kuka ba. Kuma titin da ya ratsa Kura ba namu ba ne mu kaɗai. Na direban J5 ne da ya ɗauko kwandunan tumatir tun asuba, na mata ne masu tsallakawa da shinkafar da suka turara, na dattijo ne a kan keke da fartanya a kafaɗa. Dokar hanya ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a kan babban titi, kuma wasan mota a bikin aure ya sha mayar da gidan buɗa gidan makoki.

In an gama duk wannan kuɗi ya saura, to a yi maganar ƙarfi da idon basira. Taɓa ƙwaƙwalwar mota yana ba da ƙari na a zo a gani a injin mai turbo, amma a injin da ba shi da ita abin da ake samu kaɗan ne, kuma ko a mai turbon ƙarin yana zuwa da ƙarin zafi, yana neman fetur mai kyau, yana cin kuloci. Wanda lagiretonsa ke tafasa a cunkoson Na'ibawa bai isa wannan mataki ba tukuna. Muna kuma ganin lokaci ya yi da masu wannan sha'awa, ciki har da 'yan'uwanmu na sashen injiniya, za su haɗa kai su nemi hukuma ta keɓe musu fili killatacce nesa da gari, a sa rana, a zo da agogo da igiyar awo. A nan za a auna kowace mota sau biyu: daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta kai kilomita 100, kuma mita nawa ta ci kafin ta tsaya.