A'a Malam, Ba Shokabzoba Ce Farko Ba

Malam, ka rubuta cewa mai tsohuwar a-kori-kura da kuɗinsa ya gaza ya fara sauya shokabzoba, sauran su jira. Wannan shawara tana iya kashe mutum. Shokabzoba in ta mutu, mota tsalle za ta riƙa yi, a lallaɓa a kai gida. Boljoyin fa? Ranar da ya tsinke, taya lanƙwashewa take yi ƙarƙashin Hilux, ga buhunan masara a baya, ga yaran mota a kai. Haka tayarod, in ya fita sitiyari ya tashi daga aiki.

A ɗaga motar da jak, a girgiza tayar. In tana wasa, kuɗin nan na boljoyin ne ko tayarod, sabo, ba na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ba.