Ra'ayinmu: Daga Rumfar Zaɓe Muryarmu Take Tashi

A watan Satumba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira kusan dukan jakadun Nijeriya su dawo gida. Aka yi fiye da shekara biyu ba a naɗa wasu ba. Sa'ad da Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su kan 'yancin addini, a ƙarshen Oktoba 2025, ba mu da cikakken jakada a Washington. Duniya tana maganar coci-cocinmu da matattunmu, kujerar mai amsawa da sunan ƙasa kuwa babu kowa a kai. Sai a Nuwamba na shekarar aka soma aika sunaye Majalisar Dattawa.

Da yawa a cikinmu sun yi murna da wata ƙasa ta tuna da mu. Mun fahimci wannan murna, domin wanda ya binne ɗansa yana so a san kukansa. Amma baƙo raɓa ne. Yau yana magana, gobe hankalinsa ya koma wani wuri, mu kuwa muna nan tare da maƙwabtanmu.

Mu duba inda ikon yake. Sashe na 171 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce naɗin jakada ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da mutum 360. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗin tsaro, su ne kuma suke da ikon kiran minista ya zo ya yi bayani. Kowannensu ta rumfar zaɓe ya bi, irin wadda take makarantar firamaren unguwarmu.

To, me muka yi da wannan ƙofa? A zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Kada mu ce laifin wasu ne. A ikilisiyoyinmu akwai masu cewa, mu 'yan kaɗan ne, ƙuri'armu ba ta canza kome. Inda mutane ba sa fitowa, 'yan kaɗan masu fitowa suna da nauyi, kuma ɗan takara ya san da haka. Wanda bai ga ƙuri'armu ba, ba zai tashi a majalisa ya yi maganar filin gina coci, ko maƙabarta, ko malamin darasin addinin Kirista a makaranta ba.

Manzo Bulus bai ji kunyar faɗin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne ba sa'ad da za a yi masa bulala ba shari'a. Mu ma Sashe na 38 ya ba mu 'yancin sujada, Sashe na 42 ya hana a nuna mana bambanci.

Saboda haka muna roƙon dattawa, kafin zaɓen 2027, su bincika wa yake da katin zaɓe a ikilisiya, su taimaki wanda bai karɓo nasa ba. Zumuntar mata da matasa su san sunan sanatansu da wakilinsu, su rubuta masu. Fastoci kada su mai da bagadi dandalin jam'iyya, kada kuma su karɓi buhun shinkafa da sunan garke. Mu zaɓi mai adalci, Kirista ne ko Musulmi, domin mun sha ganin namu da ya manta da mu, mun kuma ga maƙwabci da ya tsaya mana.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin zuciya. Amin.