Kwalekwale ɗaya, fasfo iri biyu

Ranar 1 ga Janairun 2009 wani matashi ɗan birnin Liverpool mai suna Graham Hughes ya shiga jirgin fito daga Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, ya tsallaka zuwa Yurugai. Shekarunsa 29. Kayansa ba su wuce jakar goyo da kyamara da wata hula mai faɗin baki da ba ya rabuwa da ita ba. Niyyar da ya ɗaura ita ce ya sa ƙafa a kowace ƙasa ta duniya ba tare da jirgin sama ya kai shi ba. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa masu tsauri: ba zai tuƙa motar kansa ba, sai abin hawan haya da kowa ke shiga, kuma hangen gaɓa daga cikin jirgin ruwa bai wadatar ba, sai ƙafarsa ta taɓa tudu. A lissafinsa shekara guda za ta ishe shi. Sai da ya kwashe kwana 1,426.

A shekarar farko kaɗai ya shiga ƙasashe 133. Daga nan tafiya ta yi nauyi, domin abin da ya rage mafi yawa tsibirai ne. Shi da kansa ya sha faɗa cewa Iraƙi da Afganistan, waɗanda kowa ke jin tsoronsu, ba su ba shi wahala ba kamar Nauru da Maldives da Seychelles. Waɗannan sai mutum ya zauna a tashar jiragen ruwa makonni yana roƙon kamfanonin dakon kaya su ba shi ɗan wurin kwana, ga kuma 'yan fashin tekun Somaliya da suka sa jirage ƙaurace wa wani yanki na tekun Indiya a wancan lokacin. A 2011 ciwon daji ya kwantar da 'yar'uwarsa, ya ajiye komai ya koma gida, bayan rasuwarta ya dawo daidai inda ya tsaya ya ɗora. Ranar 26 ga Nuwamban 2012 ya shiga Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, ƙasar da babu ita ma a taswira ranar da ya fara tafiya. Ita ce ta 201 a ƙidayarsa, bayan kimanin mil 160,000.

Kuɗin da ya riƙa kashewa bai wuce dala 100 a mako ba. Kwanansa a kujerar bas ne, ko a ɗakin mutanen da ya haɗu da su ta intanet masu saukar da baƙo kyauta, abincinsa kuma na bakin titi. Cikin labaran da ya fi maimaitawa akwai na wata tsohuwa a Iran. Suna cikin bas ɗin dare, tana zaune a gabansa tana magana a waya, sai ta juyo ta miƙo masa wayar. Jikanta ne a kan layi, yana jin Turanci. Ya ce kakarsa ta damu, motar za ta isa gari da asuba, ga baƙo shi kaɗai babu wanda zai haɗa masa karin kumallo, don haka tana so ya bi ta gida. Wannan a ƙasar da jaridun garinsu suka daɗe suna zana masa a matsayin gidan abokan gaba.

Duk wanda ya raina irin wannan tafiya bai yi mata adalci ba. Hughes ya tara wa ƙungiyar WaterAid tallafi, ya kuma dawo da shaidar da miliyoyin mutane ke buƙatar ji, cewa talakan kowace ƙasa ya fi gwamnatinsa son baƙo. Juriyarsa ma abin yabo ce. Sai dai akwai abu guda a aljihunsa da ya fi jakar da hular da juriyar aiki, wato fasfon Birtaniya, kuma labarin bai cika ba idan aka tsallake shi.

Abin da ya faru da shi a 2009 a gaɓar Afirka ta Yamma ya isa misali. Babu jirgin fasinja daga Senegal zuwa tsibiran Cape Verde, tazarar kimanin kilomita 600, sai ya yi ciniki da masunta suka ɗauke shi a kwalekwalen katako buɗaɗɗe mai yoyo. Kwana huɗu suna kan teku. Suna isa 'yan sanda suka kama su bisa zargin safarar mutane, aka kulle shi na 'yan kwanaki, sannan aka sake shi. A Kongo ma an tsare shi kusan mako guda, nan ma ya fito. Da ya ratsa kogi ya shiga Rasha daga Estoniya ba ta ƙofar hukuma ba, babban abin da ya biyo baya shi ne masu kundin Guinness sun ƙi amincewa da wannan shigar, sai da ya nemi biza ya sake shiga a farkon 2013 kafin su tabbatar masa da bajintarsa. Kowace tsarewa ta ƙare ta zama babi a shirin talabijin.

Yanzu a dubi wannan ruwan dai, shekaru 14 bayan haka. Ranar 10 ga Yulin 2023 wani kwalekwale irin nasa ya tashi daga Fass Boye, ƙauyen masunta a Senegal, da mutum 101, mafi yawansu samari, suna nufin tsibiran Kanari na Sifaniya. Mai ya ƙare, iska da igiya suka yi ta jan su fiye da wata guda. Da wani jirgin kamun kifi ya tsince su kusa da tsibirin Sal na Cape Verde a tsakiyar Agusta, mutum 38 ne suka rage da rai. A 2024 mutane sama da 46,000 suka isa Kanari ta wannan hanya, kuma ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta waɗanda suka mutu a kanta a shekarar sun haura 9,000. Waɗannan samari ba su gaza Hughes jarumta ba. Da yawansu ma sun fi shi sanin teku, a cikinsa suka tashi.

Za a ce ai ba ɗaya ba ne: shi ɗan yawon buɗe ido ne mai niyyar komawa gida, su kuwa zama za su je yi, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Gaskiya ne, babu mai musun wannan iko. Matsalar ita ce tsarin biza na yau ba ya bambance ɗalibi da ɗan kasuwa da mai son ganin duniya da mai niyyar ɓacewa. Da zarar matashi ya miƙa koren fasfo, an riga an ɗora masa zargi, shi ne zai wanke kansa.

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa neman bizar Turai ya san yadda abin yake. Yaro zai taso daga Kano ko Sakkwato ya kwana a Abuja gidan wani kawunsa, riƙe da fayil: bayanan asusun banki na watanni, takardar wurin aiki, shaidar otal, shaidar tikiti, inshorar lafiya, hotuna masu farin bango. Zai bi layi a ɗauki hoton yatsunsa, ya biya Yuro 90, kuɗin da aka ƙara daga 80 a watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Bayan makonni fasfo zai dawo da takarda guda, an sa alama a wani akwati da ke cewa akwai shakka kan ko zai fita kafin bizarsa ta ƙare. Kuɗin kuma ba ya dawowa. A 2024 kusan rabin 'yan Najeriya da suka nemi bizar Turai ta Schengen an hana su, haka ma 'yan Senegal da Ghana, alhali a duniya baki ɗaya waɗanda aka hana ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Ƙungiyar bincike ta LAGO Collective ta lissafa cewa a wannan shekarar 'yan Afirka sun yi asarar kimanin Yuro miliyan 60 a kuɗin bizar da ba a ba su ba. Mai fasfon Birtaniya yana shiga wurare sama da 180 ba tare da neman biza tun daga gida ba. Mai na Najeriya bai kai 50 ba.

A watan Maris na 2025 wata matashiya 'yar Najeriya, Alma Asinobi, ta gwada taka nahiyoyi bakwai cikin mafi ƙanƙancin lokaci da fasfon ƙasarta, don ta nuna wa duniya wannan bambanci. Tun kafin ta tashi ta sha hani a ofisoshin jakadanci, a hanya kuma aka hana ta hawa wani jirgi zuwa Ostireliya duk da tana da biza. Ta kammala a cikin awa 71 da 'yan mintuna, ba ta karya tarihin ba, amma dalilin da ya sa ba ta karya shi ba shi ne ainihin abin da ta fita nunawa.

Wannan katanga ba tsohuwa ba ce. A 1952 Olabisi Ajala, ɗalibi ɗan Najeriya a Amurka, ya tuƙa keke daga Chicago har Los Angeles sanye da kayan gida. Daga ƙarshen shekarun 1950 ya hau babur ɗin Vespa ya ratsa Turai da Gabas ta Tsakiya da Asiya, ya gana da Nehru na Indiya da Gamal Abdel Nasser na Masar, ya fitar da littafinsa An African Abroad a 1963. A zamaninsa ɗan Najeriya ba ya neman biza don shiga Ingila. Sai a 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da tilasta ta a kan 'yan Najeriya da Ghana da Indiya da Pakistan da Bangladesh. Akwai dattawa da yawa da ke raye yau waɗanda suka je suka dawo kafin a rufe ƙofar.

Wasu za su ce ina ruwan mai neman abin sawa a bakin salati da yawon jakar goyo, ai wannan aikin 'ya'yan hutu ne. Ba a ƙasar Hausa ya kamata a yi wannan magana ba. Fataken da suka yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Gwanja suna fataucin goro, da alhazan da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan suna tsayawa noma ko ɗinki a hanya don samun guzuri, wasu har shekaru, ba masu kuɗi ba ne. Da ƙaramin guzuri da karamcin mutanen hanya suka yi tafiyarsu, kamar dai Hughes, kuma zango-zangon Hausawa na Kumasi da garuruwansu na gaɓar kogin Nilu daga irin wannan tafiya suka samo asali. Matashin da ya ga yadda ake noman rani a Masar, ko yadda kasuwar Kigali ke da tsabta, ko yadda mai shago a Nairobi ke karɓar kuɗi ta waya, yana dawowa da abin da aji ba zai ba shi ba.

Ofisoshin jakadancin Turai ba a hannun 'yan Afirka suke ba, sai dai gwamnatoci su matsa, kuma ya kamata su matsa, aƙalla a kan mayar da kuɗin wanda aka hana da kuma bayyana masa dalili na gaskiya. Amma akwai ɓangaren da ke hannunsu ɗungurungum, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. A Mayun 2024, a wani taron shugabannin kamfanoni a Kigali, Aliko Dangote ya koka cewa sai ya nemi biza 35 kafin ya zagaya Afirka, alhali wani takwaransa mai fasfon Faransa ya fi shi sakewa a nahiyar. Idan attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka yana wannan kuka, ina ga yaro mai keke?

Akwai kuwa yaron. A 2023 Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini mai shekara 25, ya so karatu a Jami'ar Azhar, ba shi da kuɗin jirgi, sai ya sayi keke ya kama hanya. Ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Sau uku ana tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, duk a yankin da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa izinin shiga ba biza har kwana 90. Matsalar tsaro a Sahel gaskiya ce, kuma sojan da ke shinge yana da hujjar yin tambaya, amma tambaya daban, kulle ɗalibi ba tare da laifi ba daban. A Chadi wani ɗan jarida ya ba da labarinsa, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi ya tsallake Sudan da ke cikin yaƙi. Ya sauka Alƙahira a farkon Satumba, Azhar ta ba shi gurbi da tallafin karatu.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi abin da ya dace. Benin da Gambiya da Ruwanda da Seychelles sun cire biza ga duk mai fasfon Afirka, Ghana ta sanar da bin sahu a farkon 2025. Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba shamaki tun Janairun 2018 a Addis Ababa, sai dai ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita a hukumance. Har zuwa 2024 huɗu ne kacal suka yi hakan: Mali da Nijar da Ruwanda da Sao Tome. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a nahiyar yawan matasa, kuma 'ya'yanta ke cikin waɗanda suka fi shan hani a layin biza, ba ta cikinsu. Ita ya kamata ta zama ta biyar, kuma 'yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'ar waɗannan matasa su ne za a tambaya me ya hana.