Sayar da Abinci Ba Abin Kunya Ba Ne

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar gidan abinci sana'ar wanda ya faɗi jarrabawa. Ni ban yarda ba. Ku dubi Birnin Kudu: direbobi da fasinjoji masu bin hanyar Kano, da masu jinya a asibitin tarayya, dukansu sai sun ci. A Gwaram ma, ranar kasuwa mai tuwo ba ta zama banza.

Amma iya girki kaɗai ba ya riƙe wannan sana'a. Wanda bai raba jari da riba ba, yana ba 'yan'uwa bashi babu rubutu, ba zai daɗe ba zai rufe. Saboda haka, 'yan Zandam, ku riƙe darasin lissafi da kyau, ku fara da tukunya ɗaya.