Ina Ruwanmu Da Abin Da Ke Faruwa A Rana?

Daga wani ɗalibin aji biyar, sashen kimiyya

Da na je hutu gida Batsari, kawuna ya tarar da ni a zaure ina karatu. Ya ce, "Kai yaro, me ake koya muku ne haka?" Na ce, "Kawu, labarin maganaɗisun rana ne." Ya yi dariya ya ce, "Mu da ke fama da ɓarayin dajin Rugu da tsadar taki, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a rana?" A lokacin kunya ta hana ni magana. To, ga amsata yau, gare shi da sauran iyayenmu, da kuma 'yan'uwana ɗalibai masu gudun ajin Fiziks.

Kowannenmu ya taɓa wasa da mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika. In ka ɗora takarda a kansa ka barbaɗa garin ƙarfe, sai ka ga ya jeru layi-layi. Rana ma tana da irin waɗannan layukan maganaɗisu. Jikinta kuwa iska ce mai tsananin zafi mai ɗauke da lantarki, wadda ake kira filazma. Kullum tana tafasa tana juyi, tana murɗa layukan nan kamar mai tufka igiyar rama. Idan layuka biyu masu fuskantar juna akasi suka matsu wuri guda, sai su tsinke, kowane guntu ya ƙullu da guntun ɗan'uwansa, su fizge kamar danƙon harbin tsuntsu da aka saki. Ƙarfin da ya daɗe yana taruwa sai ya fita cikin 'yan mintoci. Wannan shi ne sake ƙulluwar maganaɗisu.

Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, amma hasken fashewar nan cikin minti 8 yake isowa. Yakan dagula sashen samaniya da ke dawo da muryar rediyo ƙasa, har gajeren zangon da tsofaffinmu ke kama BBC da shi ya ɗauke da rana tsaka. Bayansa kuma wani lokaci gajimaren filazma yakan biyo, ya iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Allah Ya yi wa duniya garkuwa da nata maganaɗisun. Amma idan layukan gajimaren suka zo akasin na duniya, sai a sake yin ƙulluwar nan a bakin garkuwar, ƙofa ta buɗe, ƙarfin ya kwararo ciki.

Wannan fa ba tatsuniya ba ce. A ranar 1 ga Satumba, 1859, wani Bature a Ingila, Richard Carrington, ya ga irin wannan fashewa, kashegari wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka. A ranar 13 ga Maris, 1989, lardin Kwibek na Kanada ya yi awa 9 ba wutar lantarki. A 2003 manyan taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan'adam 38 sabbi ful. A Mayun 2024 kuma manoman Amurka sun dakatar da shuka, don na'urar GPS ta motocin nomansu ta ruɗe.

Na san kawu zai ce duk waɗannan ƙasashen nesa ne. Amma mu mutanen Batsari da Safana mun fi kowa sanin ciwon yankewar sadarwa. Da aka rufe layin waya a Satumban 2021 saboda tsaro, ina ƙarami, amma ban manta yadda ake tafiya har Katsina don kira ɗaya ko aika kuɗi ba. Wancan mutane ne suka rufe, su suka buɗe. Wanda rana za ta yi wa taurarin ɗan'adam da wutar lantarki kuwa ba mai hana shi, sai dai a hango shi a shirya. Su wa za su hango mana?

Amurka ta harba kumbo huɗu a 2015, masu suna MMS, don nazarin ƙulluwar nan kaɗai. Mu ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Nijeriya, Farfesa Cyril Onwumechili kuwa ya yi suna a duniya da binciken lantarkin da ke gudana a samansa, tun yana Jami'ar Ibadan. Akwai kuma cibiyar binciken sararin samaniya a Anyigba ta Jihar Kogi. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma nan kusa da Safana, ana koyar da Fiziks. Me zai hana ɗan Batsari ko 'yar Safana su shiga sahu?

Ban ce tsaro da abinci ba su ne kan gaba ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya zaɓi kimiyya kada a ce masa ya ɗauko aikin banza. Ku kuma 'yan'uwana, ku daina laɓewa a ɗakin kwana in an kaɗa ƙararrawar Fiziks. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.